Kwantaccen Cikin Gidanmu

A cikin dukan abubuwan da kakanninmu suka bar mana don zaman lafiyar duniya, ban cire ganuwa ba, ban cire alƙalanci ba, babu wanda ya kai kwantaccen ciki amfani. Ganuwa mahara kawai take tarewa. Kwantacce kuwa bakin dangi yake tarewa, kuma wannan aiki ne da babu maginin da ya taɓa iya shi.

Ga wanda bai taso a cikinmu ba, kwantacce shi ne cikin da ya shiga, ya ɗan zauna, sa'an nan ya ga duniyar ba ta yi masa ba tukuna, ya gyara kwanciya ya yi barci. Yana iya yin shekara guda, yana iya yin huɗu. Littattafan fiƙihunmu sun san da zamansa, har sun yanka masa wa'adi. Matar da ke ɗauke da shi ba a kiranta juya, ba a tare ta a gidan biki da jiƙe-jiƙe, ba a kallon cikinta kafin a amsa gaisuwarta. Mai ciki ce, jira ake yi.

Namu ya kwanta ne a shekara ta huɗu da aurenmu, kuma Inna, mahaifiyata, ita ta gano shi. A wani gidan suna ne wata tsohuwa ta tambayi maiɗakina a gaban mata ko har yanzu shiru. Inna ta ajiye ludayin fura ta ce, "Wane irin shiru? Ciki gare ta, kwanciya yay yi." Ba ta shawarci kowa ba, har da mai cikin. Da suka dawo gida maiɗakina ta ba ni labari tana dariya, da dariyar ta ƙare ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Daga ranar muka zama masu jira. Ni a lokacin ina koyar da Turanci da labarin ƙasa a wata sakandare a Yelwa, garinmu na bakin ruwa, kuma na karanta ilimin halitta daidai yadda zai sa mutum shakka. Amma ban ga dalilin kai shakkata kasuwa ba. Cikin bai takura mini ba, ko malmalar tuwo ɗaya bai ƙara mana ba. Haka muka yi shekara uku.

Sai aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Komai ya zama sabo, daga hatimin takardu har zuwa waɗanda ake jin tsoro. Cikin sababbin abubuwan da suka iso mana har da wata likitar mata, gajeruwa mai tabarau, wadda Hausarta ta nuna ba a bakin ruwa aka haife ta ba. Ta zo da na'urar hoton ciki, irin wadda ake shafa wa mace wani mai a mara, a ga abin da ke ciki a allo kamar talabijin. Aka ba ta ɗaki ɗaya a ƙarshen barandar asibiti, ranar Alhamis ce ranarta. A ɗakin nan take duba masu juna biyu. A nan take ba masu son hutu tsakanin haihuwa da haihuwa ƙwayoyinsu. A nan kuma take ganin waɗanda haihuwar ta ƙi zo musu. Ƙofa ɗaya ce, benci ɗaya. Wanda ya hango mace a kan bencin ba zai san ko neman haihuwa ta zo yi ko gudunta ba, saboda haka gari ya huta wa kansa, ya yanke cewa duk gudu suka zo yi.

Limamin unguwarmu ne ya fara magana. Dattijo ne mai kirki, shi ya ɗaura mana aure, kuma ban taɓa jin ya aibata kowa ba. Damuwarsa biyu ce. Ta farko, abin da ke cikin mahaifa sanin Allah ne, leƙa shi rashin ladabi ne. Ta biyu, ƙwayoyin nan daga ƙasashen waje ake kawo su, kuma bai gane yadda mutanen da ba su taɓa tambayar ko mun ci abinci ba suka damu haka da hutun matanmu ba. Wannan ta biyun, in faɗi gaskiya, na juya ta a raina fiye da yadda na nuna.

Da maganar ta tsaya a ƙofar masallaci, da can ta tsufa ta mutu. Amma ina da kawu, ƙanen Inna, dillalin busasshen kifi da ya shiga siyasa, yana neman kujerar majalisar sabuwar jiha. Zamanin ƙato bayan ƙato ne, ana jera layi da rana tsaka a bayan hoton wanda ake so, kuma Kawu ya daɗe yana neman abin da zai jera masa ƙatti. Ga ƙidayar jama'a ta matso. Ya hau tebur a bakin kasuwar kifi ya ce sabuwar jiha mutane take buƙata, kuma akwai waɗanda ke so a ƙirga mu a same mu kaɗan, shi ya sa suka turo mana mace da madubi. Ya kai wannan jawabi Shanga, ya kai shi Ngaski, ya sa shi a kwalekwale ya tsallaka da shi tsibirai. Wani fasto daga ƙauyukan manoma ya goyi baya. Wani tsoho mai sayar da sassaƙen haihuwa a gindin tsamiya shi ma ya goyi baya, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ban yi wahalar gane dalilinsa ba.

Ranar wata Asabar da hantsi Kawu ya shigo gidanmu, ya zauna a kujerata, ya bar mini tabarma.

"Malam, takarda muka so," ya ce. "Ta Turanci, mai nauyi, wadda in Kwamishina ya karanta sai ya aika a kawo mishi ƙamus."

"Me za a ce a ciki, Kawu?"

"A ɗauke matar ga da madubinta. Sauran kai ka sani, kai anka kai makaranta."

Na ce ni ban taɓa ganin na'urar ba, da wuya in kwatanta sharrin abin da ban gani ba.

"Ni ma ban taɓa ganin Shaiɗan ba," in ji Kawu, "amma na tahi har Makka na jehe shi."

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Rubuta mishi." Ita ba ruwanta da ƙidaya. Ta dai riga kowa gane cewa na'urar da ke ganin ciki tana kuma ganin rashinsa, kuma ba gidanmu kaɗai ba ne mai kwantacce a unguwar.

Na rubuta. Na so in ce tilasta mini aka yi, amma da na kai sakin layi na biyu na fara jin daɗin aikin. Shekara da shekaru ina gyara Turancin yara da jan biro, ban taɓa samun filin da zan saki nawa ya yi gudu ba. Shafi uku na cika. Na kawo tarihi, na kawo ɗa'a, na sa kalmomi biyu da ni kaina sai da na duba su. Aka bar shafi na huɗu don dangwalen yatsu.

Maiɗakina tana ɗinki a kan kekenta ina gyara kwafin ƙarshe. Ta tsayar da ƙafa ta ce, "Malam, karanta mini da Hausa."

Na karanta mata har da ɗaga murya a wuraren da suka dace.

"Ta yi daɗi," ta ce. "Yaushe za a kai?"

"Litinin ta sama."

"To, ni Alhamis zan je, kafin a ɗauke ta."

Na ajiye takardar. Na ce mata ko ta san abin da zai biyo baya. In aka gan ta a kan bencin nan, wasu za su ce shekara bakwai ƙwaya take sha. In kuma ta shiga aka duba ba a ga komai ba, shi ke nan, cikin da ya rufa mana asiri ya tashi daga aiki, Inna ta zama maƙaryaciya, ita kuma ta koma sunan da aka cire mata. Ban ma kawo maganar Kawu da zaɓensa ba.

"Malam," ta ce, "shekara uku ina ɗauke da shi. Na gaji. Zani ban isa in ɗaura da kyau ba, sai a ce na matse shi. An hana ni daka, an hana ni ɗaukar tulu, wannan ban yi fushi ba. Amma an hana ni cin ƙwai. Ina son ƙwai, Malam. Kuma ina son ɗa mai kuka."

Ta ci gaba da ɗinkinta.

Ranar Alhamis da safe ta ɗauki mayafi. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta gane. Na zaci za a yi rigima. Sai kawai ta shiga ɗaki ta fito da nata mayafin. Duk wadda suka gamu da ita a hanya Inna ta tsaya ta gaya mata gwiwarta ce ke ciwo, yarinyar ga rakiya ta yo. Har ɗingishi ta yi, kuma maiɗakina ta ce mini a kan hanyar dawowa ƙafar ta canja.

Abin da ya faru a ɗakin daga bakin maiɗakina na ji shi. Likita ta yi mata tambayoyi masu yawa, ta shafa mata man, ta daɗe tana kallon allo. Inna ta matso da kujerarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai hadari.

"Mahaifarta lafiya lau," in ji likita. "Amma babu ciki."

"Duba da kyau, ɗiyata. Kwance ya ke."

Likita ta cire tabarau ta dubi Inna, ta dubi maiɗakina. Da alama ba Inna ce ta farko da ta zo mata da wannan magana ba.

"Inna," ta ce, "na'urata masu motsi take gani. Wanda yake barci ba ni da hurumi a kansa, kuma ba zan fita baranda in yi shela ba. Abin da nake so, ki turo mini ɗanki."

"Mi ɗana yay yi?"

"Shi nake so in sani."

Da suka dawo Inna ta isar da saƙon tana kallon bango. Ni kuwa na yi sauri gidan Kawu in karɓo takardata, in ce akwai gyara. Na tarar ya sami motar da za ta Birnin Kebbi tun jiya, ya ga babu dalilin jiran Litinin. Takarda ta tafi da dangwalenta.

Alhamis ta gaba, bayan na gama aji na biyu, na je na zauna a kan bencin. Ni kaɗai ne namiji. Na tafi da jarida don in ɓoye fuska, amma a garin da ka koyar da 'ya'yan kowa, takalminka ma ya isa a gane ka. Wata mai sayar da kifi da ke kusa da ni, da goyo a baya da wani cikin a gaba, ta leƙo ta gefen jaridar.

"Malam, kai ma hutu kaz zo nema?"

Na ce bincike na zo yi.

"To, Allah shi sa a bincike ka lahiya," ta ce. Bencin gaba ɗaya ya ce amin.

Da na shiga, abin da na fara gani a kan teburin likita kwafin takardata ne. Wani ya riga ya kawo mata.

"Kai ne marubucin," ta ce. "Sakin layi na biyu ya fi kyau. Zauna. A ina ka girma?"

Na ce a tsibiri, kafin ruwan Kainji ya cinye garinmu a dawo da mu tudu.

"Ka taɓa fitsarin jini?"

Na yi dariya. Na ce wane yaro ne bai yi ba? A wurinmu alamar girma ce. Yaron da ya kai shekara goma sha biyu fitsarinsa bai yi ja ba, tsokanarsa ake yi, a ce har yanzu bai zama namiji ba. Ni da wuri na fara, kuma na tuna yadda na yi alfahari da shi.

"Ya daina?"

Na ce yakan ɗan dawo jefi-jefi, musamman in na yawaita wanka a tafki. Don har lokacin, duk ranar da ba makaranta, nakan gangara bakin ruwa in yi iyo, kamar yadda wasu ke zuwa majalisar shayi.

Ta rubuta wani abu. Ta ba ni kwalba ɗaya don fitsari, ta ba ni ta biyu wadda ladabin rubutu bai yarda in yi bayaninta ba. Bayan mako guda ta gaya mini tsargiya ce, tsutsar ruwa, ta daɗe a jikina tana ɓarna a inda ba a zata ba. Wato abin da aka yi mini murna a kansa cewa na zama namiji, mai yiwuwa shi ne ya tsaya tsakanina da zama uba. Ta ba ni ƙwayoyi 'yan kaɗan masu ɗaci, ta ba maiɗakina irinsu, ta hana ni tafki. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, wani lokaci ana dacewa, wani lokaci ɓarnar ta riga ta yi nisa. Na'urar da na yi wa shafi uku ko kunna ta ba a yi a kaina ba.

Tun ranar da na fara zuwa, kafin la'asar labarin zamana a benci ya isa kasuwar kifi. Na jira Kawu ya zo da faɗa, sai na ji ya riga ya hau tebur ya ce shi ya tura ɗansa, mai ilimin boko, ya shiga har ciki ya gano musu sirrin wurin. An tafa masa. Ranar zaɓe na tsaya a layinsa, don Inna tana kallo, amma layin ɗaya ɗan takarar ya fi namu tsawo, Kawu ya koma wa kifinsa.

Liman ne ya tare ni bayan sallar Azahar, muna neman takalma.

"Malam, an ce ka tahi."

"Na je, Allah gafarta Malam."

"An samu lahiya?"

"Ana nema."

"Neman magani ba laihi ba ne," ya ce. "Leƙen matan mutane na ban so."

"Allah gafarta Malam, ni aka leƙa."

Ya ja bakin rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna motsi. Bai janye ra'ayinsa ba, ni ma ban nemi ya janye ba. Ya dai sa mana albarka, ya tafi da takalmi ɗaya nasa ɗaya na ladan.

A waje kwantacce ya ci gaba da aikinsa, don babu wanda ya sallame shi. A cikin gida kuwa maiɗakina ta koma cin ƙwai, tana binne ɓawon a bayan madafa. Inna tana gani tana kau da kai. Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, ruwan tafki ya cika ya fara ja da baya, ni ina kallonsa daga tudu kamar wanda aka kora daga garinsu. Babu wanda ya ƙara tayar da maganar.

A wurinmu mace ba ta cewa tana da ciki, miji ba ya tambaya. Ni dai wata rana na shigo da ƙwai shida a hula, maiɗakina ta dube su ta toshe hanci ta ce in fitar mata da su daga ɗaki. Na fitar. Na tsaya a tsakar gida da hula a hannu ban san inda zan ajiye ta ba. Inna ta karɓa ta ce, "Ya motsa ke nan," ta soya su ta cinye ita kaɗai.

Mace aka haifa, kuma kuka ta zo da shi kamar yadda aka yi oda. Ranar suna gidan ya cika. Inna ta zauna a tsakiyar mata tana ba da tarihin cikin tun daga ranar da ya kwanta, shekara huɗu da 'yan watanni, ta ce shi ya sa jaririyar take kallon mutane kamar ta san su. Tsohuwar nan da ta fara tambayar ko har yanzu shiru ta ce ita dama tun farko ta ga alama. Liman ya yi addu'a mai tsawo a kan falalar haƙuri da barin abin da ke ɓoye a ɓoye. Kawu ya ce da an bar madubin nan ya yi ta haska matanmu, da wa ya san abin da zai sami wannan baiwar Allah. Kowa ya tashi da hujjarsa a hannu, ta ƙara ƙarfi. Maiɗakina tana ɗaki tana shayarwa, an ce mini da maganar Kawu ta iso ta sai da ta cusa fuska a filo.

Kashegari ta ƙulla goro da alewa da cinyar rago a leda, ta ce in kai wa likita da hannuna, in kuma gaishe ta da kyau, ba da Turanci ba. Na tafi. Na tarar da bencin babu kowa, ƙofar da kwaɗo. Wata nas da ke wucewa ta ce an yi wa likita canjin wurin aiki tun watan jiya, ta tafi da na'urarta.

Na tambayi dalili.

"Takardar koke jama'ar gari suka rubuta," in ji ta. "Ta daɗe a ofis, sai bana aka kai gare ta. An ce Kwamishina ya yaba Turancin."